Hannun jari a ƙaramin banki a Amurka, sun hana ni jerin sunayen masu jari

Salam jama'a, don Allah masu sanin harkar hannun jari a taimaka, abin ya tsaya min cak.

Ina da ɗan kaso a wani ƙaramin bankin gari mai rajista a jihar Maryland. Farashin hannun jarinsa ya daɗe ƙasa da darajar da ke littafinsa (wato kadarorin bankin bayan an cire basussukansa), kuɗi jibge ba a juya su, ribar da ake rabawa ba ta taka kara ta karya ba, amma albashin shugaba kullum sama yake yi. So nake mu masu jari mu matsa wa daraktocin bankin su sa bankin ya sayi hannun jarinsa da kansa ko su sayar da bankin kawai.

Na rubuta wa daraktoci, shiru. Na nemi jerin sunayen masu jari, lauyansu ya turo min layi biyu wai dokar Maryland sai mai kashi 5 cikin ɗari da ya riƙe wata shida, kuma ma ni sunan dillalina ne a rajista ba nawa ba. Wannan na biyun na gyara, na mayar da sunana. Kashi 5 ɗin ne ya gagara, ni kaɗai ban kai ba, sai in na haɗa da wasu mutum uku da muke magana, to nan kuma tsoro ya shigo don SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, na neman fom 13D (na bayyana masu babban kaso a kamfani) da zarar ƙungiya ta wuce kashi 5, ga Fed, babban bankin Amurka, ma tana sa ido kan masu jarin da ke haɗa baki a banki.

Tambayata: in muka sa hannu tare don neman jerin sunayen kawai, za a ɗauke mu ƙungiya ɗaya da dole ta cike 13D?