Yarona ya ɗauka kokawar talabijin gaske ce

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Jiya Sadiq, shekararsa 6, ya hau kujera ya diro a kan ƙaninsa, wai kokawar Turawa da ya gani yake gwadawa. Allah ya taƙaita, leɓe ne kawai ya fashe. Babansu ya ce a kwashe talabijin ɗin. Ni kuwa na san gidan maƙwabta za su koma.

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa. Kada ku kwashe, 'yata, a can ba ki san me za a kunna musu ba. Zauna ki kalla tare da shi. Haka na yi da jikana, ina nuna masa yadda naushin ke wucewa ta gefen fuska, na ce masa waɗannan sun yi shekaru suna koyon faɗuwa, kuma tun kafin su hau an tsara wanda zai yi nasara. Ya yi shiru, can ya ce, "Hajiya, ashe wasan kwaikwayo ne?" Tun daga ranar ko fim ɗin Indiya aka sa, shi ke tambayata ko jinin na gaske ne.

Baban Ilham: Gaskiya ne Hajiya. Ki ƙara da kulle tashar, dikodar GOtv da StarTimes duk suna da lambar sirri. Kada dai ki sa shekarar haihuwarki, nawa a kwana biyu suka gano.

Anti Nas: Ƙanin fa, shekararsa nawa? A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a ajiye shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Har da waya.

Maman Sadiq: Uku ne, Anti. Wallahi in an kawo wuta yana yin awa uku.

Malama Indo: Nemi katun ɗin Ubongo na Tanzaniya, akwai na Hausa a YouTube, ƙirga da haruffa suke koyarwa. Mu sai an dawo Islamiyya ake kunnawa, ana kiran Magariba a kashe. Amma fa ranar da na zauna ina kallon shirina bayan Magariba, 'yata ta ce, "Umma, ke ba ki ji kiran salla ba?" Dole na tashi.

Maman Sadiq: Na gode ƙwarai. Hajiya, ranar Asabar za a maimaita kokawar, zan zauna da shi, babansu ma zan roƙe shi ya zauna.