Neman shawara: wane girman tanki ne zai ishi kifayen ɗana?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon kifin ado, domin abin ya fara hana ni barci. Watanni 2 da suka wuce ɗana mai shekara 9 ya kammala izu 10, sai ƙanena, wanda tun yaron yana goye suka shaƙu, ya kawo masa tukuicin kifayen nan masu ruwan zinare guda 4 a leda, tare da kwanon gilashi mai kama da tulu. Da farko ban so ba, saboda mahaifinsa yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata yake zuwa, kuma ɗaki biyu da falo muke haya a saman bene, amma da na ga yaron yana tashi da asuba ya duba su kafin ya yi shirin makaranta, sai na ƙyale. Ranar Talata muka wayi gari ɗaya ya mutu, yaron ya yi kuka har ya ƙi karyawa. Yanzu sauran 3 suna yawan hawowa saman ruwa suna buɗe baki kamar masu haki, ruwan kuma ba ya kwana biyu sai ya yi fari-fari. Na je wurin mai sayarwa, ya nuna mini wani ƙaramin tanki ya ce zai ishe su har ƙarshen rayuwarsu, wai kifi daidai mazubinsa yake girma. Shin gaskiya ne?

Mai kiwon kifin ado: Wa alaikumus salam. Hajiya, ba ki faɗi lita nawa kwanon yake ci ba, ba ki kuma faɗi irin kifin ba, alhali amsar a nan take. Maganar mai sayarwa kuwa ki watsar da ita. Kifin da aka matse a ɗan ruwa tsumburewa yake yi saboda ƙazantar da yake zaune a ciki, ya mutu da wuri, alhali kifi mai ruwan zinare da aka kula da shi yakan yi shekara 10 zuwa 15, har ma an taɓa samun wanda ya kai shekara 43 a Ingila. Asalinsa kifin tafki ne da mutanen Sin suka fara kiwo fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma ba shi da tumbi irin namu, yana ci yana fitarwa, shi ya sa yake ɓata ruwa da sauri. Mai dunƙulallen jiki da jela biyu yakan kai santimita 15 zuwa 20, ana ba na farko wajen lita 75, kowane ƙari kuma lita 40. Mai dogon jiki da jela ɗaya yakan kai santimita 30, shi kam kifin kududdufi ne.

Mai kiwon tarwaɗa: Malam, da girmamawa, wannan lissafin na masu hali ne. Ni shekara da shekaru ina zuba ɗaruruwan tarwaɗa a tanki guda, suna girma ina sayarwa. Hajiya, ki sayi ƙaramin nan, ki riƙa zubar da ruwan gaba ɗaya kullum kina sa sabo, shi ke nan. 

Mai kiwon kifin ado: Alhaji, tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe wani kifin cikin dare ɗaya, kuma watanni kaɗan kake riƙe ta ka sayar. Zubar da ruwa gaba ɗaya tare da wanke mazubi kullum illa ne. Kashin kifi da numfashinsa suna sakin guba mai suna amoniya, akwai kuma ƙwayoyin halitta masu amfani da suke zama a soson matatar ruwa da jikin tsakuwa suna rage mata dafi, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Duk wanda ya wanke komai tas ya mayar da aikin baya.

Mai tambaya: Na gode. Na auna kwanon da babbar robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, guda 5 suka cika shi. Biyu daga cikin kifayen dogaye ne masu jela ɗaya, ɗayan kuma dunƙulalle ne. Amma ina so a gane cewa ba sakaci na yi ba. Kullum da safe nake wanke kwanon da sabulu har ya yi ƙyalli, ina kuma ba su abinci sau 4 don kada su ji yunwa, kuma makonni da dama suna lafiya lau, saboda haka ni ina ganin wanda ya mutu da ciwonsa aka kawo shi.

Maman 'yan biyu: 'Yar uwa, na tausaya miki, domin na ga irin wannan a gidana. Na sayi babban tanki da matata da komai, sai aka ɗauke mana wuta kwana 3 a tsakiyar watan Afrilu, muka dawo daga biki muka tarar duk sun mutu, falon yana wari. Mai gidan da muke haya kuma ya hana mu kafa sola a rufi, har yau muna wannan rigimar da shi. Ni dai ban ga amfanin babban tanki ba matuƙar babu tsayayyiyar wuta.

Mai kiwon kifin ado: Maman 'yan biyu, abin da ya same ki hujja ce a kan ƙara ruwa da rage yawan kifi. Wannan kifin ya fi jin daɗin ruwa mai sanyin digiri 18 zuwa 23, ruwa kuma idan ya yi ɗumi iskar da yake riƙewa raguwa take yi, ga shi a bazara zafinmu yana haura digiri 40. Ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma akwai ɗan famfon iska mai batir saboda ranar ɗauke wuta. Hajiya, lita 7 da rabi kika tara kifi 4 a ciki, kuma bakin kwanon tsukakke ne, alhali ta fuskar ruwa iska take shiga, wannan ne hakin da kike gani. Birnin Rum ya haramta irin wannan kwanon tun 2005. Ki daina sa sabulu daga yau, ki mayar da abinci sau 2, iya abin da za su cinye cikin minti 2. Idan kin je saye ki tafi da abin awo, ki ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ki raba da 1,000, zai ba ki lita. Mai 100 da 40 da 40 lita 160 ne, shi ne mafi ƙanƙantar da zan yarda da shi, kuma ko shi na ɗan lokaci ne ga dogayen nan biyu. Ki zaɓi mai tsawo a kwance, kada ki ɗauki mai tsayi. Duk mako ki canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, wato ƙasa da jarka 2, idan kuma ruwan famfo ne ki sa maganin cire kilorin.

Kakar yara: 'Yata, ki ji ta bakin tsohuwa. Dabbar da aka tsare amana ce, idan ba za ki iya ba ta haƙƙinta ba, ki nemi mai kududdufi a gidansa ki ba shi dogayen biyu, ki bar wa yaron guda. Ni ma haka jikokina suka tara mini zomaye suka tafi suka bar ni da wahalarsu.

Mai tambaya: Inna, na ji maganarki, amma ba zan iya raba yaron da su ba bayan kukan da ya sha, kuma kyautar kawunsa ce, zai ji babu daɗi. Malam, na kira mai sayarwa ya auna mini nasa, 45 da 25 da 25 ne, na lissafa ya ba ni lita 28, wato ya kusa ninka kwanon sau 4. Ashe wannan bai zama ci gaba ba? Mai lita 160 ban san inda zan ajiye shi ba, teburin falona na katako ne marar ƙwari, kuma 'yan garuwa sai an roƙe su suke hawo mana da ruwa bene.

Mai kiwon kifin ado: Kada ki ɗora mai lita 160 ɗin a kan wannan teburin, domin kowace lita kilo ɗaya ce, idan aka haɗa da gilashi da tsakuwa zai kai nauyin buhun siminti 4, sai an ƙera masa mazauni na ƙarfe. Lita 28 zai jinkirta matsalar ne kawai, kuma kuɗin sau biyu za ki kashe. Idan gilashi ya yi tsada, ki samu sabon babban baho na roba mai faɗi ki sa su a ƙasa, a inuwa, tun daren yau.

Mai kiwon tarwaɗa: To ai mun dawo kan maganata, roba muke amfani da ita mu ma.

Mai tambaya: Baho a tsakiyar falo ba zai yiwu ba, ina da ƙaramar yarinya mai rarrafe, kuma yaron ta gefe yake son kallonsu. Zan jira mahaifinsu ya dawo ranar Juma'a mu yi magana. Kafin nan, idan na ɗauki mai lita 28 ɗin na haɗa da famfon iska, akwai wanda ya taɓa gwada haka suka rayu?