An zargi kulob da sayar da wasa: me shugabanni za su faɗa wa jama'a?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. A nan Kumasi, da an tashi wasa da ci mai yawa, kafin gari ya waye an fara kiran gidajen rediyo ana cewa an sayar. Wani lokaci kuma a ce an rage wa yara shekaru. Shugabannin kulob su yi shiru ne, ko su fito? In sun fito, me za su ce?

Malam Sakatare:
Wa alaikumus salam. Su fito, amma da baki ɗaya. Cikin awa 24 a fitar da gajeriyar takarda mai sa hannun mutum guda: mun ji zargin, mun fara bincike, za mu ba kwamitin ladabtarwa na GFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana, duk abin da ya nema. Iyakarta ke nan. Koci da 'yan wasa su kama bakinsu, har a WhatsApp, domin saƙon murya ɗaya kan zama hujja a gaban kwamiti. Kada kowa ya goge saƙonni ko bayanan MoMo (tura kuɗi ta waya), gogewar kanta tana ƙara zargi.

Babban kuskure shi ne shugaba ya rantse a rediyo cewa yaransa duka masu gaskiya ne, alhali bai zauna da su ɗaya bayan ɗaya ba. Ku tuna Yulin 2021, da AshantiGold ta ci Inter Allies 7-0. Hashmin Musah, ɗan wasan Inter Allies, ya jefa ƙwallo biyu a ragarsu da gangan, ya ce don ya lalata cin da aka shirya ne. A 2022 GFA ta mayar da kulob ɗin biyu Division Two, wato mataki na uku. Daga cikin gida maganar ta fito.

Hajiya ta Asawase:
Malam, ban yarda a rufe bakin yara gaba ɗaya ba. Wanda aka kama sunansa yana da iyaye a Zango, gobe kuma ana neman sayensa. A bar shi ya yi magana sau ɗaya, a rubuce, bayan lauya ya duba. Batun shekaru kuwa takardu ke kashe shi: takardar haihuwa, katin awon jariri na asibiti, sakamakon jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta BECE. Su dace da juna kafin a nuna wa kowa. A gasar 'yan ƙasa da 17 ana ɗaukar hoton MRI na wuyan hannu, in ƙashin ya gama haɗewa a cire yaro.

Likitan Fili:
In zargin ƙwaya ne, ɗan'uwa, kada ɗan wasa ya ce "ban sha komai ba". A dokar WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ka sani ko ba ka sani ba. Ya nemi a buɗe samfuri na biyu na gwajin da aka yi masa, wato B, ya ajiye kwalaben duk maganin da ya sha, har na gargajiya, da rasit in akwai. Da su ake nuna inda abin ya shiga, a rage hukunci. Tun Janairun 2024 tramadol ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa, yara da yawa kuma suna shansa don ciwon jiki.

Malam Sakatare:
Na karɓa, Hajiya. A kuma kula da ranakun ɗaukaka ƙara. A CAS, kotun wasanni ta duniya da ke Lozan a Switzerland, yawanci kwana 21 ne daga ranar da aka karɓi hukunci. Na cikin gida a duba dokar GFA tun ranar da takardar ta iso.