Likita ya ce a daina yi wa Hajiyarmu hoton CT, ni kuma hankalina bai kwanta ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara a kan mahaifiyarmu, wadda aka gano tana da sankarar mama shekara biyu da suka wuce. Ni ta fara nuna wa kullutun muna shirin bikin 'yar ƙanwarta, ta ce in yi shiru sai biki ya watse, da ya watse ta ce sai bayan azumi, har dai yayanmu ya zo da kansa ya kai ta asibiti. An ce mataki na biyu ne, an cire maman, ta gama kemo (magungunan kashe ƙwayoyin sankara), yanzu tana shan ƙwaya kullum. Tun daga lokacin nake kai ta wani wurin gwaji mai zaman kansa duk wata shida a yi mata hoton CT mai nuna cikin jiki da gwajin jini na CA 15-3 mai neman alamar dawowar sankara, ba da sanin likitanta ba. A watan jiya hoton ya nuna wani ɗigo a hanta, muka yi mako uku ba mu da barci, daga baya aka tabbatar ƙullin ruwa ne kawai. Da likitan ya ji, sai ya ce mu daina, mu tsaya ga zuwa ganinsa da kuma mamogram, wato hoton mama, sau ɗaya a shekara. Shin in bi maganarsa?

Anti Nas: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ki bi maganarsa, 'yar uwa, domin ba rowar gwaji yake muku ba. A 1994 an wallafa manyan bincike biyu daga Italiya da suka kwatanta matan da ake yi wa hotuna a kai a kai bayan magani da waɗanda likita ke dubawa kawai tare da mamogram, kuma ba a ga bambanci a tsawon rayuwarsu ba. A 2012 ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka, ASCO, ta ce kada a riƙa yin CT ko hoton ƙashi ko irin wannan gwajin jinin ga wadda ta gama magani kuma ba ta da wata alama. Ɗigon da ya hana ku barci shi ne ainihin illar da ake gudu, ga kuma hasken na'ura mai illa da jiki ke sha a kowane CT. Wace ƙwaya take sha? Idan tamoxifen ce, ku kula da zubar jini ta gaba.

Ummu Sadik: Ni ban yarda ba. Yayata ta yi wata biyar tana zarya da kumburi a mama, ana ce mata ruwan nono ne ya kwanta, ana ba ta maganin ƙwayoyin cuta, kuma ranar da aka yi mata hoto abin ya riga ya kai huhu. Ta rasu ta bar yara huɗu, biyu suna hannuna. Idan kuna da hali ku ci gaba da yi.

Anti Nas: Allah ya jiƙanta da rahama. Amma yayarki tana da alama a fili, kuma gwaji ya wajaba a kanta tun ranar farko. Ita ma Hajiya, idan ta fara ciwon ƙashi da ba ya tafiya, ko tari mai naci, ko rama, ko ciwon kai da ba ta saba ba, ko sabon kullutu, to a ranar za a koma asibiti a yi duk hoton da ya kamata.

Abu Faruk: Waɗannan wuraren gwajin kasuwa suke ci. Sai da na sayar da gona lokacin jinyar matata, kuma da aka zo kan maganin kansa kuɗin ya kusa ƙarewa a hotuna.

Maman Ilham: Na gode muku. Sai dai ku fahimce ni, jinkiri ne ya kusa kashe ta a farko, kuma Hajiya mace ce mai ɓoye ciwo, don haka ba zan iya zaman jiran alamar da ba za ta faɗa ba. Mutanen wurin gwajin ma ba su taɓa matsa mini ba, ni nake zuwa da ƙafata.

Anti Nas: To ki gaya wa likitan wannan halin nata, ya riƙa tambayarta da kyau a kowane zuwa. Kin taɓa tambayar ita Hajiyar ko tana son hotunan? Har yanzu kuma ba ki faɗi sunan ƙwayar ba.

Maman Ilham: Ba ta taɓa musa mini ba. Zan duba kwalin idan na je gida. Yayanmu ya riga ya turo kuɗin hoton gaba, kuma ban san yadda zan ce masa ya karɓi abinsa ba.