Sabon rufi da kuɗin hayar shekara biyu: me ake cirewa kafin biyan haraji?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara uku ke nan da na ba da gidana haya, kuma bana ne karo na farko da zan cike takardar haraji da kaina. A cikin shekarar na toshe yoyo a ɗakin wani ɗan haya, na sake fenti, daga baya kuma da na ga katakon rufin ya ruɓe har yatsa na nutsewa a cikinsa, sai na yaye rufin gaba ɗaya na yi sabo. Haka nan wani ɗan haya ya biya ni kuɗin shekara biyu a dunƙule, ya kuma ajiye wani kuɗi saboda ɓarnar da za a iya samu ranar tashinsa. Shin duk abin da na kashe zan cire daga kuɗin hayar?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Hukumomin haraji a ƙasashe da yawa suna bambanta gyara da ƙarin daraja. Toshe yoyo da fenti gyara ne, domin sun mayar da gidan yadda yake ne kawai, saboda haka ana cire kuɗinsu a shekarar da aka kashe su. Sabon rufi kuwa, a Amurka yawanci ana ɗaukarsa jari ne da aka zuba a ginin, sai a riƙa cire kuɗinsa kaɗan-kaɗan tsawon shekara 27 da rabi idan gidan zama ne, ko shekara 39 idan ginin kasuwanci ne. Ka kuma sani cewa ranar da ka sayar da gidan, abin da ka riƙa cirewa ɗin nan zai dawo cikin lissafi, a caje ka haraji a kansa har zuwa kashi 25 cikin ɗari.

Amsa ta biyu:
Ina da ɗan ƙari a kan bayanin ɗan'uwana, domin hukuncin rufin ya danganta da ƙasar da gidan yake. A Birtaniya, idan ka maye gurbin tsohon rufi da irinsa, gyara ake ɗaukarsa, tunda rufin wani sashe ne na ginin, sai fa idan ka ɗaga shi ka fitar da sabon ɗaki a sama, to a nan ya zama ƙarin daraja da za a lissafa maka lokacin sayarwa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu gidaje ke karɓar rasiti guda ɗaya daga magini mai ɗauke da kalmar "aiki" kawai. Ka koma wurinsa tun bai manta ba, ya rubuta maka kuɗin yoyo daban, na fenti daban, na rufi daban, ka haɗa da hotunan ruɓaɓɓen katakon.

Amsa ta uku:
Game da kuɗin shekara biyun, dokar Amurka tana lissafa shi duka a shekarar da ya shiga hannunka, ko da rabinsa na baɗi ne. Kuɗin ajiyar kuwa amana ce, ba ta shiga cikin kuɗin shigarka matuƙar za ka mayar wa mai ita. Sai abin da ka riƙe saboda ɓarna ne ake lissafawa, a shekarar da ka riƙe shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Rasiti guda ɗaya ɗin nan shi ne a hannuna, don haka gobe da safe zan nemi maginin kafin in je wurin akanta.