Faɗuwa muka yi ko jefar da mu aka yi?

Ɗan Ƙofar Mata: Assalamu alaikum. Tun da aka rufe kakar wasa ta 2021/2022 ban ce uffan ba, amma yau sai na amayar da abin da ke cina. Kano Pillars, ƙungiyar da ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya sau huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, wai ita ce a 2022 ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Ni dai na ce ba faɗuwa muka yi ba, jefar da mu aka yi. A maido da maki shidan da hukumar gasa ta zabtare mana a gani. Gidanmu daga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata bai wuce tafiyar minti goma a ƙafa ba, in aka ci ƙwallo daga tsakar gida mahaifiyata take jin ihu. Amma tun kakar bara muke gudun hijira a Kaduna, wai filinmu bai cika ƙa'ida ba. Sau nawa na rufe shago na hau mota a Unguwa Uku, mu bi ta Kwanar Ɗangora da Zariya a kan titin da ake ta gyara, ƙura har cikin haƙora, don kawai in ga wasan da sunansa wasan gida. Ranar da aka bar mu muka dawo Kano, wasa ɗaya tal da Katsina United, sai aka ce tarar miliyan tara, a kwashe maki uku, a koma Abuja. Wace ƙungiya ce za a yi wa haka ta rayu? A ba ni amsa, ni a shirye nake.

Na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, duk maganarka na karanta, amma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Gudun hijira a Kaduna? Mu da muka cika muku filin Ahmadu Bello da rigar ɗorawa da kore a jikinmu? A wannan filin kuka ɗaga kofin ƙalubale a 2019, kuka doke Niger Tornadoes a bugun fenareti, muna tsaye muna kiran sai masu gida har muryarmu ta dishe. Ashe a wajenku sansani ne. To mun gode.

Ɗan Ƙofar Mata: Ban ce Kaduna sansani ba ce. Na ce ba gida ba ce.

Na Tudun Wada: Ai duk kanwar ja ce. Wanda ya ce yana gudun hijira a gidanka, ya gaya maka bai ɗauke ka ɗan'uwa ba.

Malam Mai Almajirai: Ni ma kalmar ce ta kawo ni. 'Ya'yana, hijira ba ƙaramar kalma ba ce. Da ita muke lissafin shekarunmu. Bai dace a ɗauko ta a ɗora a kan tamaula ba. A ce ƙaura, a ce zaman aro, Hausa ba ta gaza ba.

Gwanin Fagge: Allah ya gafarta Malam, ai kullum a rediyo muna jin 'yan gudun hijira, ba wanda ya ce an taɓa addini. Kalmar ta riga ta shiga bakin mutane.

Malam Mai Almajirai: Waɗancan rayukansu suka gudu da su. Shi wannan ciyawar fili ce ta kore shi.

'Yar Yerwa: Malam ya faɗi gaskiya. Ni a Maiduguri aka haife ni. In ana neman ƙungiyar da ta san gudun hijira, El-Kanemi Warriors ce. Shekaru ta yi ba ta taka leda a gida ba saboda rikicin Boko Haram, tana bin garuruwan mutane, har Kanon ma ta zauna. Yayana yana cikin masu bin ta, kuma a lokacin rabin danginmu suna kwance a makarantun da aka mayar sansani. Don Allah Yaya, ka janye kalmar nan. Ta yi min ciwo.

Ɗan Ƙofar Mata: Allah ya huci zuciyarki 'yar'uwa, ban nufi in fama miki miki ba. Amma ku dubi Allah, maganar maki shida nake yi.

Bakatsinen Ƙofar Ƙaura: To mu zo kan makin. Ka ce wasa ɗaya tal, kamar ruwan sama ne ya sauko aka tashi. Me ya faru a wasan? Watan Afrilu ne, ana cikin azumi, ba a ci kowa ba, saura kimanin minti goma a tashi. Mutanenku suka ɓarke cikin fili, aka tsayar da wasa, aka farfasa gilasan motar 'yan wasanmu. Hotunan motar nan ba wanda bai gani ba. Da bakin azumi fa. Su wa suka jefi motar, hukumar gasa? Mu ma ga mu nan mun faɗi tare da ku, da Heartland da MFM, amma ba ka ji Bakatsine yana cewa an jefar da shi ba.

Gwanin Fagge: Waɗanda suka yi jifa ba magoya baya ba ne, 'yan daba ne.

Bakatsinen Ƙofar Ƙaura: In an ci kofi magoya baya ne, in an fasa mota 'yan daba ne. Rigar ɗaya ce a jikinsu.

Gwanin Fagge: Riga a Kwari ake sayar da ita, kowa yana iya saya. Ina wajen a ranar. Ina zaune a ɓangaren da ba rumfa, rana tana dukan ƙeyata, kusa da ni wani dattijo ne da jikansa a cinya. Da aka fara gudu shi ya tura yaron ƙarƙashin babbar rigarsa, muka kama hannunsa muka fitar da shi ta ƙaramar ƙofa, takalminsa ƙafa ɗaya a can ya bari. Wannan dattijon ne mai goyon baya. Shi aka hukunta, shi aka ce ya tafi Abuja in yana son kallo, makonni kaɗan bayan an kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Wa zai ɗauki jika ya bi wannan hanya?

Na Tudun Wada: Har yanzu dai ba a janye hijirar ba.

Jan Hula Har Abada: Ku bar zagaye-zagaye. Kofi uku a jere, 2012 zuwa 2014, a zamanin wa aka ci? Zamanin Kwankwaso. Ƙungiya ta gwamnatin jiha ce, in gwamnati ta kula ta tashi, in ta yi sakaci ta kwanta. A ce jiha kamar Kano ta kasa gyara ciyawar fili ɗaya har a kore ta zuwa maƙwabta? Wannan faɗuwar a gidan gwamnati aka dafa ta.

Ɗan Ganduje Na Asali: Ka manta kofin ƙalubale na 2019 a hannun Ganduje ya zo Kano, kofin da duk shekarun baya Pillars ba ta taɓa ɗagawa ba. Me ya sa ba ka lissafa shi ba?

Jan Hula Har Abada: Kofin ƙalubale ai na sa'a ne, wasa kaɗan ne ka kai ƙarshe. Gasa wasa 38 ce.

Sardauna Ne Gwanina: Ku duka ku yi shiru. Wa ya fara kawo kofin gasa Kano? 2008, Malam Shekarau ne a kan kujera. Shekarar da ta biyo muka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, muka kai wasan kusa da na ƙarshe, Heartland ce ta tare mu. Tun daga nan wa ya sake kai mu can? Tushe aka gina muku kuka zo kuka ɗora jar hula a kai.

Jan Hula Har Abada: Tushen da bai hana a yi shekara uku ba kofi ba sai da muka dawo.

Mai Kula Da Zaure: Jama'a, an sha faɗa, ban da siyasa a nan. Zaɓen 2023 yana tafe, kowa ya kai hularsa inda ake bukatarta.

Jan Hula Har Abada: Yallaɓai, da na gwamnati ya yi magana ba ka ce komai ba.

Mai Kula Da Zaure: Kai ka fara.

Baba Tsohon Gola: Bari tsoho ya sa baki. Na girmi ƙungiyar nan nesa ba kusa ba, a gabana aka kafa ta a 1990. Abin da ya riƙe Pillars duk shekarun nan gida ne. Daga 2003 har 2015 ba wanda ya zo Kano ya ci mu a gasa, wasa 202, sai da Nasarawa United ta karya. Amma ku tambayi kanku, a waje fa? Mun saba mu tara maki a Ƙofar Mata mu je waje mu zubar, lissafi ya fita. Da aka ɗauke gidan sai asiri ya tonu. Kuma na kalli yaran nan a bana. Ƙwallo za ta taso daga baya, ta zo tsakiya, kowa ya ɗaga kai yana neman Rabi'u Ali. Mutumin nan da muke kira Pele ya yi mana komai, amma har yaushe za a ce shi kaɗai ne zai raba ƙwallo, shi zai buga tazara, shi zai buga fenareti? Ina yaran da aka raina su gaje shi? Kano da ke da fili a kowace unguwa, da yamma ka bi ta Gwagwarwa ko Ɗorayi ka ga ƙafafun da ke taka leda ba takalmi. A nan Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Turai. Irinsa ba su ƙare ba, masu nemansu ne suka daina fita.

Autan Sheka: Baba, da girmanka, kar ka taɓa Pele. In ba don shi ba da tun zagayen farko aka rufe mu.

Baba Tsohon Gola: Ɗana, sake karantawa. Yabonsa na yi.

Autan Sheka: Ka ce har yaushe. Ma'ana ya tsufa.

Baba Tsohon Gola: Ni ma na tsufa, ba zagi ba ne.

Ɗan Gidan Kallo: Ni abin da ke ba ni mamaki, har yanzu akwai mai ɓata hawayensa a kan ƙwallon gida. Kuɗi kaɗan za ka biya ka zauna a benci ƙarƙashin fanka ka kalli Real Madrid ta ɗauki kofin Turai na 14, ba jifa, ba barkonon tsohuwa.

Gwanin Fagge: Ire-irenku ne suka kashe mu. Ka san sunan mai tsaron ragar Madrid na biyu, ba ka san hanyar Ƙofar Mata ba. In Madrid ta ci kofi, a wane titin Kano za a zaga da shi ka taɓa?

Ɗan Gidan Kallo: Mu muka kashe ku? Mu muka shiga fili a wasan Dakkada aka taɓa mai ɗaga tuta har aka sake kwashe maki uku? Wannan ba ɗan daba ba ne ya yi, daga cikin shugabanni ne. An riga an yi muku gargaɗi a Afrilu, watan Yuni bai ƙare ba kuka maimaita.

Ɗan Ƙofar Mata: A wasu filayen ana yin abin da ya fi wannan ba a cire musu ko maki ɗaya. Mu ne kawai ake gani saboda sunanmu Kano.

Bakatsinen Ƙofar Ƙaura: Wane fili? Wane wasa? Faɗi ɗaya.

Ɗan Ƙofar Mata: Kowa ya sani. Wani abokina direba da ke bin ƙungiyoyi kudu ya ba ni labari da bakinsa.

Bakatsinen Ƙofar Ƙaura: An ce da an ce ke nan.

'Yar Yerwa: Ni dai ina nan ina jira. Yaya ya ba ni haƙuri amma kalmar tana nan a rubuce a sama.

Malam Mai Almajirai: Ya gyara ta zuwa ƙaura, magana ta mutu.

Na Tudun Wada: Ƙaura ma ban yarda ba, Malam. Wanda ya bar ɗakin uwarsa ya shiga ɗakin goggonsa ba a ce ya yi ƙaura. Bakano a Kaduna ɗan gida ne.

Gwanin Fagge: In ɗan gida ne me ya sa kujeru suke zama wayam in muna wasa a can?

Na Tudun Wada: Ka manta lokacin korona an hana 'yan kallo shiga? Ko mu za mu haura katanga?

Gwanin Fagge: Bayan an buɗe fa?

Na Tudun Wada: Bayan an buɗe ku da kuke masu gida nawa kuka zo?

Ɗan Ƙofar Mata: Ni na zo. Tikitina suna nan a cikin durowar shago, na ɗaure su da roba.

Mai Kula Da Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan magana. Ga abin da na fahimta. Galibin masu magana sun yarda cewa rashin gida da zabtare maki ne suka kai Pillars ƙasa, kuma hukuncin ya yi tsauri fiye da kima, kamar yadda mai maganar farko ya faɗa. Baba Tsohon Gola ma ya tabbatar da cewa gida shi ne ƙarfinmu. An samu wasu baƙi daga maƙwabta da suka zo da tsohon haushi, mun ji, mun kuma yafe. Masu jar hula sun so su mayar da abin siyasa, ba mu ba su dama ba, domin gwamnati ta yi iya ƙoƙarinta. Batun kalmar hijira ƙaramin saɓani ne, an riga an ba da haƙuri. Duk mai tikitin bana ya adana shi, baɗi da yardar Allah za mu bi ƙungiyarmu duk ƙauyen da aka kai ta. Sai masu gida.

Baba Tsohon Gola: Ɗana, rabin maganata ka ɗauka. Ina batun yaran unguwa?

Bakatsinen Ƙofar Ƙaura: Motar fa, wa zai biya gilashin?