Za mu bi Cotswold Way da ƙafa ni da maigida, muna neman shawarar waɗanda suka taɓa bi

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna shirin bin Cotswold Way, doguwar hanyar masu tafiya da ƙafa a Ingila, a watan Yuni in Allah Ya kai mu. Don Allah waɗanda suka taka hanyar su taimaka mana da yadda ake raba zango, kayan da ake ɗauka, da batun abinci da salla.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Hanyar mil 102 ce, wato kilomita 164, daga Chipping Campden zuwa bakin babbar cocin Bath. Jirgin ƙasa ba ya shiga Chipping Campden. Daga tashar Paddington a Landan za ku sauka Moreton-in-Marsh, sai ku ƙarasa da bas ko tasi. Masu jini a jika suna gamawa a kwana 7, amma in ba ku saba ba ku ba ta 9 ko 10.

Mutane na raina ta saboda wuri mafi tudu, Cleeve Hill, mita 330 ne kacal. To ai hanyar bakin tudu take bi, ƙauyukan kuma suna ƙasa, don haka kullum cikin hawa da sauka kuke, gwiwa kuwa a gangara take kuka. Mil 12 zai ci muku awa 6 zuwa 7 har da hutu. Ranar farko ku tsaya Broadway, mil 6 ne, jiki ya warware. Washegari Winchcombe, kusan mil 12. Ku kama ɗakunan kwana tun watanni kafin lokaci, don wani ƙauyen gida biyu ko uku ne ke saukar baƙi, kuma doka ba ta yarda a kafa tanti a gonar mutum ba sai da izininsa.

Anti Bilki: Ƙanwata, tafiyar nan duk a ƙafa take. Kada ki yarda da sabon takalmi. Ki saye shi da wuri, ki yi makonni kina yawo da shi, kuma ya ɗan ɗara ƙafarki domin tana kumbura da rana, in ya matse farcen babban yatsa zai yi baƙi a gangara. Safar auduga tana riƙe gumi, fata ta yi laushi, sai bororo. Ki nemi ta ulu, ƙafa uku: ɗaya a ƙafa, ɗaya a jaka, ɗaya a shanya. Da zarar kin ji wani wuri ya fara zafi, ki zauna nan take ki manna filasta, ko da minti 20 ne da fitowarku. Wanda ya ce bari mu kai ƙauye na gaba, da ɗingishi zai kai.

Idan takalmi ya jiƙe, a cire shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar jarida ya kwana. Kada a ɗora shi kan na'urar ɗumama ɗaki, gam ɗinsa zai saki. Sannan ki gaya wa Alhaji mai saurin ƙafa shi ke bin baya. In ya yi gaba ya tsaya jiranki, shi ya huta, ke kina isowa zai miƙe.

Malam na Leicester: Karin kumallon gidajen kwana yawanci da naman alade a ciki. Tun wajen kama ɗaki ku ce na marasa cin nama kuke so: ƙwai, wake, tumatir, burodi. Da dare, a ƙananan ƙauyuka mashaya ce kaɗai ke sayar da abinci, suna kuma rufe kicin wajen ƙarfe 9, wasu ba sa girki daren Lahadi. Wanda ba ya son shiga ya yi guzuri a Winchcombe, Painswick ko Dursley, inda akwai shaguna. In za ku ci soyayyen kifi, ku tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya.

A watan Yuni rana kan fito kafin ƙarfe 5, ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare. Matafiya kuke, kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa salla. Alƙibla kudu maso gabas take. Ku riƙe sallaya ta leda don ciyawa kusan kullum a jiƙe take. Masallatai suna Cheltenham, Gloucester da Bath.

Baban Sadiq: Alamar hanya hoton ƙwallon itacen oak ne a jikin turaku. Kibiya rawaya hanyar masu ƙafa ce, shuɗiya har da dawaki da kekuna. In kun yi minti 10 ba ku ga alama ba, ku koma inda kuka ga ta ƙarshe. Ku sauke taswirar Ordnance Survey (hukumar zana taswira ta Birtaniya) a waya tun a masauki, sabis na ɗaukewa a kwari. Za ku ratsa makiyaya da yawa. Ƙofar da kuka tarar a rufe ku mayar da ita a rufe. Saniya mai ɗan maraƙi a zagaye ta daga nesa, ba gudu, kada a shiga tsakaninta da ɗanta.

Maman Hanifa: Allah Ya saka da alheri. To kayanmu fa, duk a baya za mu goya?

Anti Bilki: A'a. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar jaka daga masauki zuwa masauki. Ku ajiye ta a bakin ƙofa kafin ƙarfe 9 na safe, kuma yawanci ba sa karɓar wadda ta wuce kilo 20. A bayanki ruwa lita ɗaya da rabi, rigar ruwa da wandonta ko da gari ya waye tas, guzuri, filasta da matsefata. Matsefatar ta cire kaska ce, domin kaska tana cikin doguwar ciyawa kuma cizonta na iya sa wata cuta da ake kira Lyme. Kowane dare ku duba wa juna bayan gwiwa, ƙugu da hamata. In kun gan ta, a kama ta dab da fata a ja a hankali, kada a matse cikinta. Idan jan zobe ya fito a wurin bayan kwanaki ko makonni, a je wa likita.